Kewar Kaduna, da langar Umma da ke tsallaken kogi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Jiya da daddare ina ninke kayan sallar yara da tela ya kawo, sai na ɗaga rigar autana na kai hanci, wannan ƙamshin sabon yadi da man keke da ɗan ƙaurin guga, wallahi ban san lokacin da na zauna a bakin gado hawaye na zuba ba. Maigidan ya shigo yace lafiya? Nace lafiya lau, Kaduna ce kawai ta faɗo min a rai. Yace ai na sani, duk shekara in aka shiga goman ƙarshe haka kike. Kuma gaskiya ya faɗa. Tun 2006 aure ya kawo ni Fatakwal, nan na haifi yarana huɗu, Alhamdulillah ba abin da na nema na rasa, maƙwabtana ma ba abin da ya taɓa haɗa mu sai alheri, amma har yau in akace gida to zuciyata Tudun Wada take nufa, shi yasa nace bari yau dai in zauna in rubuta ko zan ji sauƙi.

A Tudun Wada aka haife ni a 1983, a wani gidan haya mai ɗaki takwas ba nisa da Kasuwar Bacci, in ka fito ƙofar gida da safe kana jiyo hayaniyar masu kwance dilar gwanjo. Tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, igiyar shanya biyu, sai wata bishiyar gwaba da mu yara bama bari ta nuna. Mu ne a ɗaki biyun farko, kusa da mu wasu Nufawa 'yan Bida, can ƙurya wata Bayarabiya 'yar Ogbomosho mai saida robobi a babbar kasuwa, sai ɗaki biyun da ke kallon namu, na Mama. Mama 'yar Zonkwa ce, Kirista, Hausa a bakinta kamar jakin Kano, da Hausa suke addu'a da Hausa take rera waƙoƙin Zumuntar Mata in tana wanki. Mijinta a masaƙa yake aiki shi yasa duk yaran gidan Baban Kakuri muke ce masa, da sassafe zai fito da kekensa ya naɗe ƙafar wando ya kama hanya. Lokacin Kakuri Kakuri ce, tun 1957 zamanin Sardauna aka buɗe masaƙar KTL, ga Arewa ga UNTL ga Nortex, in aka tashi daga aiki titi baƙi ƙirin yake da mutane da kekuna. 'Yar Mama ta biyu sa'ata ce, kuma ƙawata, wata uku ne tsakaninmu, Umma tace tare aka riƙa goya mu, in ɗaya na girki ɗaya ta riƙe mu duka, har ba a gane zanin goyon wa ke jikin wa.

Babana tela ne a Kasuwar Bacci. Shi ya bamu labarin sunan, yace a shekarun 1970 da za a sake gina babbar kasuwa aka kwaso 'yan kasuwa aka kawo su nan, ba ciniki ba masu saye, sai mutum ya shimfiɗa buhu ya yi ta bacci a rumfa, sunan ya bi ta. Ni dai da na yi wayo ban ga mai bacci a cikinta ba, balle a watan azumi.

Azumi a gidanmu da rediyo yake farawa. Baba na da wata rediyo mai jakar fata, kullum tana kan Rediyon Kaduna, nan muke jin tafsirin Malam Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello, nan kuma muke jin na Shehu Dahiru Bauchi, tasha ɗaya kowa da lokacinsa. Ina 'yar shekara tara Malam Gumi ya rasu a 1992, na tuna Baba ya dawo gida da rana tsaka ya zauna a tabarma bai ce wa kowa komai ba. Da la'asar kuma tsakar gidan nan sai ya koma kamar gidan biki, Umma na dama kunun tsamiya, matar Banufe na suyar ƙosai, Mama da ba azumin take ba ita ce mai jajjage, kuma cittar da ake sawa a kunun daga garinsu ake kawo mata, irin mai yajin nan ta kudancin Kaduna da in ka sha har kunne kake jin ta. Ba ta taɓa bari yaranta su ci abu a tsakar gida muna azumi ba, sai ta kora su ɗaki tace baku da kunya ne, baku ga 'yan uwanku na azumi ba? In azumi ya kai goma a fara tashe, ƙawata ta ɗaura ɗankwali ta bi mu gida gida, duk waƙoƙin ta fi ni iyawa, abin da muka samu na hatsi da 'yan kwabbai mu raba daidai.

Amma goman ƙarshe su ne nawa. Daga nan Baba ya daina kwana a gida kenan sai ranar sallah, ni ake ba kayan buɗa baki in kai masa, in koma bayan tarawi in kai na sahur tare da Yaya. Ina ma zan iya nuna muku layin telolin nan da daddare. Kowane shago da fitila, in an ɗauke wuta a kunna ta ƙwai ko ta gas, kekuna na ta kaɗawa kamar ana ruwan sama a kan kwano, ƙyallaye a ƙasa har idon sawu, can gefe mabuga na ta dukan shadda tim tim har cikin ƙirji kake ji. Baba na zaune a kan keken Butterfly ɗinsa da tef a wuya da guntun alli a bayan kunne, allura biyu uku a maƙale a gaban rigarsa, ƙafarsa bata tsayawa ko da yana magana da kai. In na aje kwano sai yace sannu uwata, don sunan mahaifiyarsa aka sa min, ya kurɓi kunu sau biyu ya ture kofin gefe ya ci gaba. Masu kaya kuwa ga su nan zaune a benci, wani ya rantse ba zai tafi ba sai da rigarsa, wani ya zo da faɗa, Baba dai haƙuri yake bayarwa yana murmushi, yace Alhaji in sha Allahu da ita zaka je idi, kuma ban taɓa jin wanda ya je idi da tsohuwar riga ta dalilin Baba ba. Akwai wata 'yar jaka da yake tara min ƙyallaye masu kyau, da su muke ɗinka wa 'yar tsana kayan sallah ni da ƙawata.

Kayanmu kuwa su ne na ƙarshe, kullum. Atamfar tun kafin azumi take zuwa, don Baban Kakuri ke sayo mana a wurin aikinsu da sauƙi, turmi ɗaya a raba biyu ni da ƙawata mu yi anko, in sallah ce ta sa tare da ni, in Kirsimeti ce in sa tare da ita. Amma sai ta yi wata guda a ƙarƙashin teburin Baba ba a ko yanka ta ba. Ina zuwa ina leƙawa ina ganinta a ninke, in dawo gida in yi ta kuka, Umma tace ki yi haƙuri, na mutane amana ne, naku kuma na gida ne.

Daren sallah ba mai bacci. Kowa kunnensa na kan rediyo ana jiran sanarwar Sarkin Musulmi, shekarun da na fi tunawa Sarki Maccido ne, ana cewa an ga wata sai unguwa ta ɗauka gaba ɗaya, yara na ihu a layi, Umma ta tashi ta auna zakkar kono a ba Yaya ya kai tun kafin gari ya waye. Mama ce mai kitson gidan, ta zauna a kujera 'yar tsugunno ta sa kaina tsakanin gwiwoyinta, hannunta da zafi amma shukunta sai ya yi wata bai tsufa ba, in na motsa ta ɗan ƙwanƙwashe ni da mataji tace zauna mana 'yata, so kike a ce Mama bata iya ba? Bayan kitso sai ƙunshi, a yanka salatif a manna a ƙafa a shafa lalle a ɗaure da leda da tsumma, kuma shekarun nan sallah a cikin hunturu take faɗowa, Janairu ko Fabrairu, sanyin lallen nan har cikin ƙashi, haka zamu kwanta a jere a ɗakin Umma mu biyar shida ƙafafu a ɗaure kamar an jera dambu, a waje kuma ana ta suyar cincin da dubulan, ƙullun waina na tashi a roba an rufe da faifai.

Sai an kira assalatu zaka ji sallamar Baba. Ya shigo da baƙar leda a hammata, idanunsa jajur, ya zauna a bakin ƙofa kusa da fitila ya zaro rigata yana sa mata maɓalli da hannu, ya ciza zaren da haƙori ya miƙo min yace gwada mu gani uwata. Rigar da ɗuminta don yanzu aka sauke ta daga guga. Wallahi na sa leshi masu tsada a rayuwata, na sa kayan lefe, ban taɓa jin abin da nake ji in na zura wannan rigar ba. Shi kuma sau da yawa tsohuwar shaddarsa ta bara yake sawa, an dai wanke an kai bugu, ya fesa turare ya riƙe hannun su Yaya a tafi idi ana kabbara a hanya, hazo ya rufe gari, ko'ina fararen kaya.

Ana saukowa sai rabon abinci, wannan aikinmu ne mu 'yan mata. Tuwon shinkafa da miyar taushe, waina, wani lokacin shinkafa da miyar kaji, Umma ta jera langaye a tsakar gida tana zubawa tana faɗa, wannan na gidan liman, wannan na Gwaggo a Unguwar Sanusi, wannan na mai unguwa. Akwai wata langa babba mai furanni ja da kore da murfinta, cikin kayan jerenta ce tun na aure, wannan ba a kai ta ko'ina sai ɗakin Mama, taku biyar ne tsakani amma sai an rufe an ɗora a faifai na kai da sallama na durƙusa nace Umma tace a gaishe ki da sallah. Mama ta karɓa tace an gode Allah ya maimaita mana, kuma bata taɓa dawo da langar nan haka nan ba, ko gyaɗa ko acca ko 'yan lemu sai ta sa a ciki.

Daga nan sai yawon sallah. Mu ɗau jaka da gilashin roba da takalmi ƙwas ƙwas mai cin dunduniya, mu bi dangi, Unguwar Shanu, Unguwar Kanawa, Kawo gidan Kawu, ana bamu barka da sallah, naira ɗaya, biyar, wanda ya baka goma ya yi ƙoƙari, ranar da Kawu ya bani Muri sabuwa fil, naira ashirin mai hoton Murtala, sai da na kwana da ita a ƙarƙashin filo. Washegari a tafi Gamji bakin kogi, a hau lilo, a tsaya a kan tsohuwar gadar ƙarfen Lugard da aka ɗauko daga Zungeru a ɗau hoto, mai hoto yace a dawo bayan sati. Shekara biyu Baba ya kai mu Zariya kallon hawa, muka kwana gidan wata 'yar uwarsa a cikin birni, na ga Sarki Shehu Idris a ƙarƙashin laima, 'yan bindiga na harbawa ƙasa na girgiza, ƙawata ta ƙanƙame ni tana kuka tana dariya lokaci ɗaya. Eh da ita aka je, Mama ko tambayar ina zamu kwana bata yi ba, tunda da Baba ne.

Babbar sallah ita kuma ta maza ce da hayaƙi. A je Zango a jawo rago, wata shekarar in abin bai samu ba Baba ya shiga haɗakar sa da abokansa na kasuwa, Baban Kakuri shi ke riƙe ƙafa in ana fiɗa don ya fi kowa iya wasa wuƙa, mu kuma a bamu kai da ƙafa mu yi babbaka. Kwana uku gidan na ƙaurin suya.

In Disamba ta zo kuma sai abin ya juya. Baba ya koma ɗinkin Kirsimeti, har ankon Zumuntar Matan cocinsu Mama shi yake musu. Ranar jajibiri Baban Kakuri zai kamo kajinsa ya kawo wa Baba yace Malam a taimaka, don kowa a gidan ya samu ya ci ba tare da wani tunani ba, Baba ya yi alwala ya fuskanci gabas ya yanka. Mu tashi da safe mu tarar da dafa dukar shinkafa a ƙofar ɗaki tana tururi.

Kirsimetin 1999 ita ce bana mantawa, don a cikin azumi ta faɗo. Mama ta dawo daga coci da rana bata ɗora tukunya ba, yaranta na ta mita tace yau sai an sha ruwa za a ci Kirsimeti a gidan nan. Haka akayi. Ana kiran magariba aka baje tabarmi a tsakar gida, ga kununmu da ƙosai ga shinkafarsu da kaji, gidan gaba ɗaya har Bayarabiya da Nufawa, maza gefe mata gefe, sanyi na busawa an hura gawayi a kasko, Baban Kakuri na ba Baba labarin zamanin da ya fara zuwa Kaduna a jirgin ƙasa da akwatin ƙarfe ɗaya. Bayan sati biyu, farkon Janairun 2000, akayi ƙaramar sallah, muka sa ankonmu wata atamfa shuɗiya mai zanen ganye. Ba wanda ya san ta ƙarshe ce a wannan gidan.

Ranar Litinin 21 ga Fabrairu 2000 rikicin shari'a ya ɓarke. Bana son in yi dogon bayani a kan kwanakin nan, duk ɗan Kaduna da ya kai shekaruna ya san abin da idonsa ya gani, kuma kowane ɓangare an rasa rayuka an rasa dukiya, Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi, Allah kar ya maimaita mana. Muna makaranta aka ce kowa ya gudu gida, muka taho ni da ƙawata hannu cikin hannu ta lunguna, hayaƙi ta ko'ina. Baba ya rufe shago ya dawo a guje, ya sa sakata a ƙofar gida, ya kwashe su Mama da yaranta biyar ya sa a uwar ɗakin Umma aka saki labule, shi kuma ya shimfiɗa buzunsa a zaure ya zauna da carbi. Baban Kakuri na wurin aiki can tsallake, ba waya lokacin, GSM sai shekarar da ta biyo baya ta zo, Mama bata san yana raye ko baya raye ba, shi ma haka. Kwana biyu muna ɗaki ɗaya, ko tari mutum baya so ya yi. Da daddare ina jin Mama na addu'a ƙasa ƙasa, Umma na kan sallaya tana tata.

Rana ta uku motar sojoji ta shigo layinmu tana kwasar mutane zuwa bariki. Umma ta ciro hijabanta ta sa wa Mama da 'yan matan, ta juye dambun da ta yi a langar nan mai furanni ta ɗaure da ɗankwali ta miƙa mata tace ki riƙe saboda yara. Mama ta rungume ta, ba wadda ta iya cewa komai. Ƙawata ta leƙo ta bayan mota tana ɗaga min hannu, ni kuma a raina sati ɗaya ne zasu dawo, har ina ajiye mata rabonta na ƙyallaye.

Basu dawo ba. Bayan kamar wata guda Baban Kakuri ya zo da kura ya kwashe kayansu, Alhamdulillah yana raye, suka daɗe da Baba a zaure, da zai tafi yace Malam ba don na ƙi ku ba, Baba yace na sani, nima da ni ne haka zan yi. Akayi babbar sallah a watan Maris, Baba ya yanka ragonsa ba mai riƙe masa ƙafa sai Yaya. A watan Mayu aka sake wani rikicin, a Nuwamban 2002 aka sake, daga nan garin ya rabe sosai, Musulmi suka riƙa tattarowa Tudun Wada da Rigasa da Kawo, Kiristoci suka koma Sabon Tasha da Television da Narayi, kogin da muke zuwa kallo ranar sallah ya zama iyaka. Shekarar 2000 ɗin nan sau biyu akayi ƙaramar sallah, ta biyun a ƙarshen Disamba kwana biyu uku bayan Kirsimeti, Umma na zuba abinci sai ta tsaya da ludayi a hannu tace da suna nan da bana bikin haɗe zamu yi, sai ta shige ɗaki. Ni wata mata a bayan layi ta min kitso, ya yi kyau, amma ban ko duba madubi ba.

Rayuwa ta ci gaba da tafiya yadda Allah ya tsara. Masaƙu suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya, atamfar waje ta cika kasuwa. Na yi aure na taho. Baba ya rasu a 2014 bayan 'yar gajeriyar jinya, Allah ya jiƙansa ya sa aljanna ce makomarsa, kekensa na nan a ɗakin Yaya an rufe da zani. Umma ta koma Rigasa wurin Yaya. A nan Fatakwal muna sallah, muna zuwa idi, 'yan arewa na da yawa muna ziyartar juna, ina yin waina da miyar taushe in raba wa maƙwabta har sun saba suna tambaya, amma da yamma ta yi shikenan gari ya koma harkarsa kamar ba a yi komai ba, sau da yawa ma ruwa ake tafkawa yara na leƙe ta taga da sababbin kaya. Ina basu labarin yawon sallah suna ji kamar tatsuniya.

A 2019 wani saƙo ya shigo min a Facebook, wata mata tace don Allah ke ce 'yar Baba tela na Tudun Wada? Na kalli hoton na kalla, sai na gane wushiryar. Ranar mun fi awa biyu a waya, rabi magana rabi kuka. Nan na ji Baban Kakuri ya rasu shekaru kaɗan bayan an rufe wurin aikinsu, ita malamar asibiti ce yanzu da yara uku, Mama na Sabon Tasha ta tsufa amma da sauran ƙarfinta. Ita kuma a bakina ta ji rasuwar Baba, ta yi shiru can tace wa zai ce min 'yar Mama zo ki gwada?

Sai a ƙaramar sallar 2023 Allah ya nufa na je gida da yara duka. Muka bi ta Abuja muka hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa, ina ta addu'a a hanya saboda harin da aka kai wa jirgin a Maris ɗin 2022. Kaduna ta canza, tituna sun faɗaɗa, gadar Kawo sabuwa, Kasuwar Bacci an rushe ta a 2020 an yi sababbin gine gine, na tsaya ina neman inda shagon Baba yake na kasa ganewa, wani yaro mai shago yace Hajiya me za a baki, nace ba komai ɗana. Gidanmu na haya an sayar an yi bene, ba rijiya ba gwaba.

Kwana biyu da sallah na cika kula da waina da miya na ɗau yara muka tsallaka gada ta wajen filin wasa na Ahmadu Bello, muka bi titin Kachia, Kakuri shiru masaƙun duk ciyawa, Television, har Sabon Tasha. Rabona da hanyar nan tun ina budurwa, kuma ba zan ɓoye ba gabana na ɗan faɗuwa, ni da hijabi har ƙasa, amma ba wanda ya ko kalle ni sau biyu, wata mai saida doya ma ita ta nuna mana layin tace a gaida Mama. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsintar acca. Na yi sallama na durƙusa, ban shirya ba sai ji nayi bakina yace Umma tace a gaishe ki da sallah. Ta ɗago ta kalle ni ta daɗe, sai ta aje faifan ta kama kaina da hannu biyu ta zame hijabin baya tana duba kitsona tace wa ya miki wannan, bai kama ba, sai kuma ta fashe da kuka tana cewa 'yata, 'yata, ina Malam, ashe Malam ya tafi ban je na yi wa 'yar uwata gaisuwa ba.

Mun wuni. Yarana da jikokinta suka shige cikin juna kamar sun san juna. Can da la'asar ta shiga ɗaki ta fito da langar, furannin sun koɗe, gefe ɗaya ya ɓantare har baƙin ƙarfen ya fito, amma murfin na nan. Tace gida huɗu ta canza tun daga bariki, abubuwa da yawa sun ɓace sun fashe, wannan kam a cikin akwatin zannuwanta take sa ta. Na miƙa hannu zan karɓa nace bari in kai wa Umma, ta janye tace a'a, ba ke kika bani ba, ki ce wa 'yar uwata ta zo da ƙafarta ta karɓa, kuma ba zan bata ita haka nan ba sai na cika ta.

Na dawo na faɗa wa Umma, ta yi dariya ta share ido da bakin mayafi tace in sha Allahu. Suna waya yanzu kusan duk Juma'a, ƙawata ke haɗa su, amma har yau basu ga juna ba, Umma gwiwa ta matsa mata ko masallaci da ƙyar take zuwa, Mama kuma idonta ya fara rauni. Na yi magana da Yaya shekaranjiya, yace in na zo babbar sallah zai samo mota mai kujerar da Umma zata iya miƙe ƙafa mu kai ta. Maigidan ya amince, na fara tara kuɗin hanya, na kuma sayi atamfa turmi biyu iri ɗaya shuɗiya na ba telan nan nawa, na ce masa ba sauri nake ba ya gama na mutane tukun. Don Allah duk wanda ya karanta ya sa mu a addu'a, Allah ya kai mu da rai da lafiya, su biyun duka.